Baburin da Ya Ƙi Hanyar Dugabau

Har yau, idan ruwan ƙarshen damina ya ɗauke da yamma, ƙasa ta saki ƙamshin nan nata mai sanyaya zuciya, nakan lumshe ido in tsinci kaina a gidanmu na Madadi, ina zaune a kan tabarmar kaba a bakin madafar Iya. Iya ita ce ta haifi Babanmu. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai siraran hannuwa, kullum zanenta na ƙamshin hayaƙi da daddawa. Idanunta sun yi rauni tun kafin in yi wayo, amma kunnenta da hancinta babu abin da ke wuce su. Tana daga ɗaki za ta ce miyar wance ta kusa kamawa, a je a duba, a tarar haka ne.

A irin wannan lokacin masara ta nuna, dawa ta fara fid da kai, ko'ina ka duba kore ne shar. Da an idar da magariba an ci tuwo, sai Iya ta ƙara itace a murhu, ta jera ɗanyar masara a bakin garwashi, mu jikoki mu kewaye ta. Da yatsunta take juya masarar, kamar wuta ba ta san ta ba. Haske ya hau fuskarta ya sauka, inuwarta ta miƙe a jikin katanga har ta taɓo rufi. Ni kuwa sai in dinga ganin kamar Iya biyu ce: ƙaramar da ke gutsura mana masara, da doguwar da ta san hanyar garuruwan da ba a zuwa da ƙafa. Kwaɗi na ta kiɗansu daga kududdufin bayan gida, gyare na amsa musu.

Tana da yadda take buɗe tatsuniyarta, ba irin na kowa ba. Sai ta tafa hannu ta ce, "Na kunto ta daga turke."

Mu haɗa baki mu ce, "Sake ta ta yi kiwo, Iya!"

Tatsuniyoyinta da yawa sun zube mini a hanyar girma. Wasu na riƙe kansu na rasa ƙafarsu, wasu waƙar kawai ta rage. Amma akwai guda ɗaya da ban manta ko kalma ba, wataƙila don a yammacin nan ba mu kaɗai muke saurare ba.

Baffa Isuhu ƙanen Babanmu ne, shi ne autan Iya, ita ma Auta take kiransa. Malamin gona ne. Yawo yake ƙauye ƙauye yana duba amfanin mutane, yana gaya musu lokacin zuba taki da maganin tsutsa. Wurin aikinsu suka ba shi babur, ba irin na 'yan acaɓa ba. Dogo ne, fari da ja, mai tsayin ƙafa kamar barewa, tayoyinsa duk ƙulu-ƙulun roba don su kama laka da yashi. An yi shi ne don burtali da kwazazzabo da hanyar shanu. Idan Baffa ya buga masa kik da safe, kajin gidan su watse, mu kuwa mu bi shi da gudu har bakin zaure muna shaƙar hayaƙinsa. A murfin tankinsa akwai wani siririn tiyo baƙi da ya lanƙwaso gaba, ni da ƙanwata Jummai muna ce masa gashin bakin babur.

A wajen duba masarar wani malami a Dugabau, can ƙasar Kabo, Baffa ya ga Rakiya. 'Yar malamin ce, ita ke koyar da ƙananan yara a Islamiyyar mahaifinta. Ita ta kawo musu ruwa a gona. Sau ɗaya na taɓa ganinta kafin nan, a wani biki: doguwa, baƙa mai sheƙi, da wushirya, in ta yi dariya sai ta kare baki da gefen mayafi. Lokacin ban gama firamare ba, amma na fara satar karanta littattafan soyayyar da yayata ke ɓoyewa a ƙarƙashin katifa, don haka duk abin da ke faruwa da Baffa ni na riga kowa ganewa. Na ga yadda yake tsayawa da lomar tuwo a hannu yana murmushi shi kaɗai. Na ga ya sayo turare mai kwalbar zinariya. A raina na ce, ashe abin da ke cikin littafi yana saukowa har Madadi.

Da farko komai lafiya. Daga gona yake zarcewa wajenta, da kayan aikinsa a jiki. Sai daga baya ya fara ware ranar zance ta musamman. Ranar nan zai je Gwarzo ya cika tanki fal, ya dawo ya wanke babur har sai ya ga fuskarsa a jiki, ya duƙa a kan tankin yana 'yan ƙulle-ƙullensa da babu wanda ya kula da su. Sannan ya yi wanka, ya sa shuɗiyar shadda, ya karya hula, ya fesa turare har mu da ke tsakar gida mu samu rabonmu.

Daga nan baburin ya ƙi hanyar Dugabau.

Zai tashi lafiya, ya fita gari lafiya, ya ratsa gonaki yana waƙarsa. Da ya shiga burtali, ya kusa wata tsohuwar tsamiya da ke bakin kwazazzabo, sai ya fara shaƙewa kamar mai tari, ya ja, ya saki, ya ja, ya mutu. Baffa ya sauka, ya tuɓe riga ya rataye a reshe don kada ta ɓaci. Ya jijjiga babur, ya ji mai na motsi a ciki, ya san ba mai ne ya ƙare ba, shi da ya cika ɗazu. Ya kwance fulogi ya goge, ya jingina shi da inji ya buga kik, ya ga tartsatsi shuɗi mai kyau. Ya mayar. Ya buga, ya buga, shiru. Idan ya gaji ya zauna ya huta, ya sake bugawa, sai ya tashi kamar ba shi ba. Ya mai da riga, ya hau, bai yi nisa ba ya sake mutuwa. Haka za su yi ta yi har rana ta faɗi, lokacin zance ya wuce, ya juyo gida rabi a kai rabi a ture. Lokacin wayar hannu ba ta iso mana ba, balle ya kira ya ba da haƙuri. Rakiya na can ta yi kwalliya ta shimfiɗa tabarma a zaure, har a kira lisha ta naɗe abarta.

Washegari kuwa, ranar aiki, baburin nan zai kai shi Garo ya dawo, ya hau tudu ya faɗa laka, ko tari ba zai yi ba.

Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Baffa ya kai shi wurin Ɗanlami, bakaniken da ke gyara masa a Gwarzo. Ɗanlami ya sa sabon fulogi. Ya kwance kafireta ya wanke ta da fetur, ya hure ƙananan ramukanta da baki. Ya ciro soson da ke tace iska ya wanke ya shanya. Ya juye man tanki kaf a roba ya duba ko 'yan bumburutu sun haɗa masa da ruwa, bai ga ko ɗigo ba. Ya canja wayar da ke kai wuta ga fulogi. Ya hau ya zaga gari, ya dawo yana share gumi.

"Malam," in ji shi, "wallahi mashin ɗin nan ya fi ni lafiya. Ni ina da basir, shi ba shi da komai. In ya sake yi maka, ba wurina za ka kawo shi ba, wurin masu tofi za ka kai shi."

Da wasa ya faɗa, amma a gida ba a ɗauke ta wasa ba. Gwaggo Asabe, yayar su Baba da ke zaune tare da mu, ta ce ai kowa ya san tsamiyar nan da masu ita, wataƙila wata a cikinsu ce ta ga Auta ta ƙyasa. Baba ba ya son irin wannan magana, ya ce ta bari. Amma shi ma wata rana na ji ya kira Baffa gefe, murya ƙasa-ƙasa.

"Isuhu, ban ce komai ba. Amma wani lokacin Ubangiji yakan tare bawa a hanya don ya kare shi daga abin da bai sani ba. Ka yi ta addu'a, ka kuma duba."

Wannan maganar ita ta fi shiga Baffa. Da a ce babur ne kawai matsalar, ai da ya ari keke, ko ya taka da ƙafa. Amma zuciyarsa ta fara gaya masa cewa ba babur ne ke mutuwa ba, hanyar ce ake rufe masa. Me ya sa sai ranar zance? Me ya sa sai hanyar Rakiya? Ya rame, ya daina wasa da mu, turaren ma ya daina yi mini ƙamshi, sai tausayi.

Ana haka saƙo ya zo daga Dugabau. Malam ya ce shi ba ya riƙe 'yarsa ga mutumin da ake shimfiɗa wa tabarma ba ya zuwa. Akwai wani ɗan kasuwa daga Garo da ya turo magabatansa, an dakatar da su ne saboda Rakiya ta ce a jira. In Isuhu da gaske yake, ya zo da kansa ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. In bai zo ba, an gane amsarsa. Mai kawo saƙon ya ƙara da cewa ita ma Rakiyar ta daina cewa komai.

Ranar Alhamis da yamma an ɗan yi yayyafi. Baffa ya riga ya cika tanki, ya gama ƙulle-ƙullensa tun da la'asar, ya kafe babur a gindin 'yar darbejiyar tsakar gida. Bayan magariba ya jawo turmi ya kifa kusa da shi ya zauna, ya zuba tagumi. Mu muna bakin murhu. Iya na juya masara, ba ta ko waiga ba ta ce, "Auta, ba ka ci tuwo ba."

"Na ƙoshi, Iya." Ya dubi baburin. "Gobe zan gwada na ƙarshe. In ya sake mutuwa a hanya, ba zan ko taɓa fulogi ba. Zan juyo. Na san ba rabona ba ce."

Na dubi Iya ina jira ta yi masa faɗa ko ta lallashe shi. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ɗaga kai ta shaƙi iska a hankali, irin yadda take yi in tana son sanin ko hadari zai dawo.

"Yau ban ji warin abin hawanka ba," ta ce.

"Ai gobe Juma'a ce, Iya," in ji shi, kamar wannan amsa ce.

Ta gyaɗa kai. Ta gutsura masara ta miƙo mini, don ni take cewa ƙawarta. Sannan ta tafa hannu, ta kunto tatsuniya, muka ce ta sake ta ta yi kiwo.

Ta ce a wani gari can bayan inda rana ke kwana, an yi wata yarinya ana ce mata Yalwa, da saurayinta Ɗantani. Wata rana ƙishirwa ta kama Ɗantani, irin wadda rijiya ba ta kashewa. Aka ba shi ruwan randa, aka ba shi na rafi, aka ba shi nono, leɓensa sai ƙara tsagewa yake, har ya kwanta ya rufe ido. Wata tsohuwa ta ce babu abin da zai tashe shi sai ruwan tafkin da farin wata ke wanka a ciki. Yalwa ta ɗauki gorar kakarta, mai baki a sama, da ɗan siririn kara a gindi inda ake tsiyaya, ta kama hanya.

A nan Iya ta sassauta murya, mu ma muka matso. Ta ce Yalwa ta wuce dajin da itatuwa ke tafiya in ba a kallonsu. Ta wuce garin da ake shanya taurari a kan dutse kamar barkono. Ta isa tafkin ta ɓuya a bayan gawo. Can sai ga wata ya sauko a hankali, ya tuɓe farar rigarsa ya rataye a reshe, ya shiga ruwa, tafkin duk ya zama azurfa. Ni a lokacin na daina ganin murhu. Ina ganin rigar wata tana lilo a reshe, ina jin sanyin ruwan a tafin ƙafata.

Da wata ya fito ya koma sama, Yalwa ta cika gorarta. Ruwan na haske, yana ƙamshin ruwan farko na shekara. Ta juyo gida. Tana tafiya gora na kaɗawa, ɗigo na tsalle ta baki yana faɗuwa a zanenta, ƙamshin na bin iska. Sai tsoro ya kama ta, kada ta isa da saura. Ta nemo kakin zuma da ƙaro, ta liƙe bakin gorar tam, ko numfashin sauro ba zai shiga ba.

Ta iso gari, aka taru. Ta durƙusa a kan Ɗantani, ta zare toshiyar karan gindi, ta kai bakinsa. Ruwa ya ɗan ɗiga, ya ɗiga, ya tsaya.

"Wayyo!" in ji Jummai.

Iya ta ce aka kira wanzami, ya zura tsinke a karan, ya ce a buɗe yake. Aka kira maƙeri, ya cire karan ya sa sabo, ruwa ya ɗiga ya sake tsayawa. Aka jijjiga gora, aka ji ta cike. Sai mutanen gari suka fara kallon juna. Wannan ya ce ruwan wata ya ƙi Ɗantani. Wancan ya ce a'a, hannun Yalwa ya ƙi, ba ita aka rubuta masa ba.

"Iya, a fasa gorar mana!" Jummai ta faɗa da masara a baki.

"A fasa, ƙasa ta sha? Ji uwar gaggawa. Ke ranar da aka kai ki ɗaki, tukunya za ki fasa in tuwo ya ƙi kwasuwa."

Muka yi dariya. Na saci kallon Baffa. Ya sauke hannu daga tagumi.

Iya ta ce Yalwa ta ajiye gorar a gefen kan Ɗantani, ta koma gindin bango ta rufe fuska tana kuka, ta yarda da abin da aka faɗa. Tana cikin kukan sai ga wata 'yar tsuntsuwa mai jan baki ta sauka a kan gorar. Ba taimako ta zo yi ba, ƙamshin zuma ta ji. Ta sa baki ta caki kakin nan, ta caka, ta caka, har ta huda ɗan rami kamar kafar allura. Sai gora ta yi ajiyar zuciya. Iya ta ja numfashi ta sauke, fuuu, har toka ta tashi a murhu. Ruwa ya kama zuba ta karan gindi, siriri, fari, ba yankewa, har cikin bakin Ɗantani. Ya buɗe ido. Abin da ya fara gani shi ne zanen Yalwa, duk inda ruwan ya ɗiga a hanya yana ƙyalli kamar an yi masa ado da taurari.

"Iya, me ya sa da ya ƙi zuba?" na tambaya.

"Ƙawata, ke in aka toshe miki hanci da baki aka ce yi waƙa, kya iya? Ita ma gora sai ta shaƙa ta sama take bayarwa ta ƙasa." Ta kakkaɓe hannu. "Ta ƙoshi da kiwo, na mai da ita turke."

Ba ta rufe baki ba muka ji turmi ya faɗi. Baffa ne ya miƙe.

"Iya, me kika ce tsuntsuwar ta yi?"

"Au, kai ma tatsuniya kake ji, gandan-gandan da kai?"

Ya shiga ɗaki ya fito da tocila da wani tsohon gwangwani. Iya ta jiyo ƙarar gwangwanin ta ce, "In fetur za ka taɓa, yi nesa da wutata, ban gama da duniya ba." Ya tura baburin can bakin zaure, muka bi shi duu, har da Gwaggo Asabe da carbinta.

Ya zare tiyon da ke kai mai daga tanki zuwa kafireta, ya sa bakinsa a gwangwani, ya buɗe makullin mai. Fetur ya zubo da ƙarfi. Muna kallo a hasken tocila, zubar ta fara sirancewa, ta koma ɗigo, ɗigon ya yi nisa da juna, ya tsaya. Tanki kuwa cike. Baffa ya haska murfin tankin, sai a lokacin muka ga abin da yake ƙullawa. Ya naɗe gashin bakin babur ya ɗaure shi tam da robar taya, ya kuma shimfiɗa leda ninki biyu a ƙarƙashin murfin. Ya sa hannu ya kwance robar, ya murɗe murfin ya zare ledar. Tankin ya ja iska, muka ji da kunnenmu, fetur ya ɓalle cikin gwangwani kamar an buɗe famfo.

Baffa ya rufe makullin, ya zauna daɓas a ƙasa mai danshi, ya kama dariya har da hawaye.

"Auta, lafiya?" in ji Gwaggo.

Da ƙyar ya iya bayani. Ya ce ɗan tiyon nan shi ne hancin tanki. Ta nan iska ke shiga ta maye gurbin man da inji ya sha. In an toshe shi, mai zai sauka kaɗan ya tsaya, inji ya mutu da ƙishirwa alhali tanki na cike. In an ɗan huta, iska ta saci hanya ta shiga kaɗan, ya tashi, ya sake mutuwa. Tsamiya ba ta da laifi, iyakar inda numfashinsa ke kai shi ke nan. Washegari kuma kafin ya fita aiki yakan cire ledar da robar, shi ya sa Ɗanlami bai taɓa ganinsu ba.

"To kai uban wa ya aike ka ka toshe shi?" in ji Gwaggo.

Ya sunkuyar da kai kamar yaro. Ya ce hanyar Dugabau gargada ce, in tanki ya cika sai mai ya dinga fantsalowa ta tiyon yana taɓa masa riga. Wata rana ya je, Rakiya ta kare hanci da mayafi tana dariya ta ce, "Malam Isuhu, yau ma turaren gidan mai aka shafo mana?" Tun daga ranar ya ƙudura ba za ta sake jin warin fetur a jikinsa ba.

Gwaggo Asabe ta riƙe haɓa. "La'ilaha illallahu. Mu muna nan muna zargin bayin Allah na kan tsamiya, ashe aljanin a gidanmu yake kwana, har da hula!"

Daga bakin murhu muka jiyo Iya tana cewa, "In kun gama, masararku na ƙonewa."

Ranar Juma'a Baffa ya fita da shuɗiyar shaddarsa, gashin bakin babur na lilo a sake. Na tsaya a ƙofar gida har ƙararsa ta narke cikin dawa. Ranar ban iya cin abincin rana ba. Duk motsin da na ji sai in ce shi ne ya juyo yana turawa. La'asar ta yi, bai dawo ba. Rana ta yi ja ta faɗa bayan gonaki, bai dawo ba. Iya ta ce, "Ƙawata, zo ki zauna. Daɗewar nan ita ake so."

Sauran labarin daga bakin Rakiya na ji shi, bayan ta zama matar Baffa, muna tsinke zogale ni da ita. Ta ce ya iso da tabon mai a gaban riga, faɗin tafin hannu. Malam ya tambaye shi abin da ya riƙe shi duk kwanakin nan, ya faɗi gaskiya tun daga leda har roba, bai rage ba. Malam mutum ne da ba a cika ganin haƙoransa ba, amma ranar sai da ya ajiye carbi ya yi dariya. Ya ce, "Wato saboda ƙamshi ka bar mini 'ya tana naɗe tabarma." Ya ce a turo manya.

Da aka ba su wuri a zaure, Baffa ya dinga kare tabon da hannu. Ta ce ta bar shi ya gama jin kunyarsa, sannan ta ce, "Malam Isuhu, sauke hannunka. Da ka san irin kukan da turarenka ya sa ni, da fetur ka yi wanka ka taho."

Iya ta rasu ban tambaye ta ba ko ta san abin da ta yi a yammacin nan. Ba ta taɓa hawa babur ba, ba na jin ta san inda fulogi yake. Wataƙila hancinta ne ya gaya mata wani abu, wataƙila kuma tatsuniyar ce kawai ta zo bakinta, kamar yadda tsuntsuwar ta zo don zuma. Na fi son in bar shi haka.

Shekaru da yawa na ɗauka labarin babur ne, abin ba da dariya a gidan suna. Sai da na yi aure aka kawo ni Kabo na gane da ni ma ake. Littattafan da na taso da su sun koya mini cewa matar kirki kullum cikin ƙamshi take da murmushi, ba ta gajiya, ba ta ƙorafi, mijinta ba ya ganin komai a wurinta sai abin da zai faranta masa. Na riƙe wannan da hannu biyu, don ina son mijina, Malam Nasiru, so irin wanda na karanta har na fi. In na gaji in ce lafiya lau. In kewar gida ta taso mini in shiga ɗaki in share ido in fito da fara'a. Ina son komawa makaranta, ban taɓa furtawa ba, kada ya ga kamar bai wadatar da ni ba. Ban ɓoye masa komai don mugunta ba. Amma a hankali hirarmu ta ƙanƙance. Ya dawo, in yi sannu da zuwa, ya ce ya gida, in ce lafiya, shi ke nan. Son na nan cike a ƙirjina, ina jin nauyinsa, ya ƙi isa wurinsa. Har na fara tunanin ko dama can ba mu dace ba.

Wata yamma yana shan shayi a tsakar gida, ya daɗe yana kallona, ya ce, "Saudatu, wai akwai abin da ke damunki ne?"

Ya sha tambayata haka. Amsar tana bakina, a goge take, na saba da ita. Sai na ji na kasa faɗinta.

Na ce, "Akwai."

Ya ajiye kofin a ƙasa. Ya jawo kujera 'yar tsugune da ƙafarsa, ya matso da ita kusa da tasa, ya ce, "Alhamdu lillahi. Na ɗauka ba za ki taɓa cewa ba. Zauna."